Kafin Ka Sayi Tanka, Auna Bencin Mai Shayi

Duk abin da ake buƙata don a gina ƙaramin gari a kan katako, Mushin tana da shi. Falanki da garin katako suna kasuwar Amu. Waya da ƙusa da fenti da tarkacen ƙarafa, in ka shiga Ladipo sai ka gaji da zaɓe. Kwali kuwa, abin da masu buga kalanda da katin biki ke zubarwa da yamma ya fi ƙarfin buƙatarka. Abu ɗaya ne sai an aika ƙetare: ɗan kwalin nan mai hoton tankar yaƙi a bayansa, wanda in ka buɗe za ka tarar da gutsattsarin roba ɗari biyu ko uku a manne da juna, da takarda mai nuna yadda ake haɗa su. Masu wannan sha'awa sukan haɗa motar, su yi mata fenti, su ɗora ta a kan ɗan fagen da suka gina da ƙasa da itatuwa da gidaje, yadda in ka sunkuya ka sa ido daidai bakin katakon sai ka rantse wani wuri ne na gaske aka ƙanƙance. Shi ake kira diyorama. Soja ma suna yin irinsa da yashi in za su tsara hari, sai dai nasu da an gama bayani ake sharewa.

Kwalin da dala ake sayensa, a biya kuɗin jirgi, a jira makonni, wani lokacin ma sai an bi ta hannun kwastan. Ba kayan da za ka ce in bai yi ba gobe na mayar ba ne. Duk da haka, kusan duk wanda ya fara leƙa kundin kamfanonin da ke yin su a waya, wuri guda idonsa ke zuwa: kan tankar da ta fi ƙiba, ta fi dogon baki.

A gefen kowane kwali akwai wata 'yar lamba da sabon shiga ba ya kulawa da ita, alhali ita ce uwar tafiya: 1/35, ko 1/48, ko 1/72. Tana faɗa maka sau nawa aka rage abin na gaske. In an ce 1/35, to kowane santimita ɗaya a teburinka 35 ne a waje. Namiji mai tsawon mita 1.75 zai dawo santimita 5. A 1/72 kuwa biyu da rabi ma bai cika ba. Tankar T-55 ta Rasha, wadda sojan Nijeriya suka daɗe suna aiki da irinta, daga gindi zuwa ƙarshen bakin bindiga mita 9 ce. A awon farko za ta ci kusan santimita 26, a na biyun 12 da rabi. Na motar kaɗai ke nan fa. Ba a zo kan hanyar da za ta taka ba, balle gidan da za ta tsaya a gabansa. Filin nan da dillalai ke ce wa hamsin-hamsin, in za ka kawo shi kan katako a 1/35, sai ka tanadi santimita 44 tsawo da faɗi. A 1/72, 21 ta ishe ka.

To sai ka tuna inda kake. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 630,000 a ƙaramar hukumar Mushin, a ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 20 ba. Galibinmu a ɗaki ɗaya muke, cikin gidajen hayar nan masu ɗakuna jere suna kallon juna, inda saman firiji ma yana da mai shi. Sayen babbar tanka a irin wannan zama kamar sayen ragon layya ne a kasuwar dabbobi ta Agege: a can cikin 'yan'uwansa ba ka ganin girmansa, sai an sauke shi a ƙofar gida ka ga lungun ba zai ɗauke shi ba, ga sauran kwana biyar salla. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai ɗaki ɗaya da ke son ayarin motoci, 1/72 ce tasa. Wanda ya nace sai 1/35, don a ga kowane noti da kowace ƙugiya, to ya haƙura da mota guda.

Shi kansa awon 1/35 da duniya ta ɗauka kamar saukakke, ba wani malamin lissafi ya zauna ya fitar da shi ba. A farkon shekarun 1960 kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ya yi tankar Panther ta Jamus mai tafiya da batir. Suka yi mata cikin da zai ɗauki batira biyu da ɗan inji, daga baya aka auna aka ga ta zo ɗaya bisa 35. Kaya suka karɓu, sauran kamfanoni suka bi sahu, har yau. Ingila kuma, kamfanin Airfix ya daɗe yana yin jiragensa a 1/72, ƙananan motocin yaƙinsa a 1/76. Tazarar kamar ba komai, amma jera su ka gani. Haka sojan roba na 1/32 in ya tsaya kusa da motar 1/35, ya ɗara abokansa da rabin santimita, wanda a waje ya kai kusan taƙi guda. Ido ba ya buƙatar rula kafin ya ji wani abu bai zauna ba. Motocin wasan yara da ake zubawa a ƙasa a Idumota kuwa, yawancinsu ba su da awo ko kaɗan, sai abin da maƙerinsu ya ga dama.

Wani ɗan yayata da ke babbar sakandare a nan Idi-Araba ne ya jawo ni cikin wannan lissafi. An ce su kawo aikin hannu don ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Ya tara 'yan kuɗinsa na hutu a shagon gyaran waya, ga kuma wani maƙwabci ɗan kasuwa da zai dawo daga ƙasar Sin ya ce zai riƙo masa. Ya miƙo mini waya yana rawar jiki.

"Kawu, wannan za mu saya. Tiger ce. Babu tankar da ta kama ƙafarta."

Na ce, "Madalla. In ta iso, a ina za ka tsayar da ita?"

"A kan katako mana."

"Katakon wane gari ne? Wa ke ciki, wa take bi, su wa ke kallonta?"

Ya yi shiru, sannan ya ce ai shi dai tana burge shi.

Ba laifinsa ba ne. Tiger ta farko guda 1,347 kacal Jamus ta ƙera tsakanin 1942 da 1944, amma a kantin masu samfuri ta fi kowace mota 'ya'ya: ta farkon ƙira, ta tsakiya, ta ƙarshe, mai fentin hamada, mai fentin ƙanƙara, wadda wane kwamanda ya hau ran kaza. T-54 da T-55 da aka ƙera wajen 90,000 ko fiye, waɗanda suka yi yaƙi daga Sinai har Angola, ba su sami rabin wannan gata ba. A nahiyarmu Tunisiya kaɗai Tiger ta taka, kuma wadda Ingilishi suka kama a can a watan Afrilun 1943 tana gidan tarihin tankoki na Bovington, har yau ana tayar da injinta don 'yan kallo. Kasuwa abin da masu saye ke so take kawowa, masu sayen kuma galibi a Turai da Amurka da Japan suke. Yaƙinsu suke tunawa. In ka bi kundin ido rufe, tarihin wani za ka gina da kuɗinka, ka kai makaranta ranar tunawa da naka mazan.

Namu mazan kuwa, a wannan yaƙin dai na Hitila, Boma aka kai su. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, Hausa ce ma harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen ba su yi mana nisa ba: barikin Myohaung da barikin An suna Yaba, barikin Arakan yana Apapa, Dodan yana Ikoyi, duka daga can aka ɗebo su. Amma yaƙi ne na ƙafa cikin surƙuƙin daji da tsaunuka. Akwai rundunoni sukutum na 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da sassan igwa a ka, abinci kuma daga jirgi ake jefo musu da laima. Wanda zai gina wannan fage, tanka ba ta cikin lissafinsa. Abin da yake nema mutum ne da gammo, da adda, da laka har gwiwa, shi kuwa wannan mutum da wuya ka gan shi a kundin kowane kamfani.

In yaƙin basasa ne, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, nan ma sai a yi hattara. Sulken sojan tarayya a lokacin masu taya ne, ba masu sarƙa ba: Ferret 'yar ƙarama mai taya huɗu da mutum biyu a ciki, Saladin mai taya shida da bindiga milimita 76, Saracen mai ɗaukar soja, da Panhard AML ta Faransa. T-55 da Vickers sai bayan yaƙin da shekaru suka shigo, VT-4 ta Sin kuwa sai 2020. Kuma an yi sa'a, waɗannan ƙananan duk ana samunsu a 1/35: Airfix ya fitar da Ferret, Dragon yana da Saladin, Takom yana da AML-60 da AML-90. Saladin a wannan awo santimita 14 ce, ta bar maka fili ka yi hanya da kwalbati da bishiya. Ko a hakan ma, yawancin abin da ke tafiya a hanyar yaƙi ba sulke ba ne. Ayarin runduna ta 2 ta Murtala Muhammed da aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana ran 31 ga Maris 1968, manyan motocin kaya ne da tankar mai, kuma wutar da ta kama tankar man ce ta cinye sauran. Loriyar da ba wanda ke son saya a kanti, ita ce ke ɗauke da labarin.

Ɗaya ɓangaren ma akwai abin dubawa. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai motocin da 'yan Biyafara suka ƙera wa kansu, waɗanda ake wa laƙabi da Red Devils: faranten ƙarfe aka yanka aka yi wa walda a kan gindin tsofaffin motoci, wasu a kan Universal Carrier ta zamanin yaƙin duniya. Duk mai waldan da ke Ladipo in ya gan su zai gane hannun ɗan'uwansa. Wanda ya taso a Arewa ya yi motar kara, ya fere sille ya soka a totuwa, ya yanka taya daga sakaina ko tsohon silifa, shi ma zai gane. A Legas da babu kara, gwangwanin madara da marfin kwalba ne suka maye gurbi, amma ilimin ɗaya ne: ka kalli abu da kyau, ka rage shi da abin da ke hannunka. Tamiya yana sayar da Universal Carrier, saman kuwa sai ka yanka da kanka. Ni a ganina wannan ya fi haɗa Tiger daraja nesa ba kusa ba, don ba wanda ya rubuta maka takardar bi.

Shekara ma awo ce, kuma ita ta fi kama mutum a ƙarya. Mu ce titin Mushin kake ginawa. In ka sa Keke Marwa, to ba ka isa ka ce 1990 ba ce, don sai zamanin Kanar Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999, ya bazu a Legas. Laimar mai sayar da katin waya ba ta da wuri kafin 2001. In ka cika titin da 'yan acaɓa suna jiran fasinja a fili hankali kwance, to ka koma kafin 1 ga Satumban 2022, ranar da dokar hana acaɓa ta iso Mushin. Yaro ba zai lura ba. Dattijon da ke zaune a ƙofar masallaci zai lura tun kafin ya gyara gilashinsa.

Su dattawan nan sun san mota mai sulke, amma ba yadda mai zanen bayan kwali ya san ta ba. A kwali kullum tana tafe ne cikin hayaƙi, bakinta a sama, kwamanda ya fito rabi yana nuna gaba, kai mai kallo kamar kana cikin tawagarta. Mutumin Agege ko Idi-Araba daga ƙasa ya gan ta, yana tsaye a bakin kwata. A Legas ta zamanin soja, ganinta a titi da sassafe yana nufin a kunna rediyo. Haka aka yi ran 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe Murtala, wanda Marsandinsa mai ramukan harsashi take gidan tarihi na Onikan. Haka aka yi ran 22 ga Afrilun 1990, da Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo ya ce ya cire Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Nijeriya. Ka tuna yadda wannan sanarwa za ta sauka a kunnen mai goro a Zangon Agege, wanda wataƙila a nan aka haifi ubansa.

Sai kuma 2002, da ta zo wa wannan yanki da masifa biyu a mako guda. Ran Lahadi 27 ga Janairu rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi, mutum fiye da 1,000 suka mutu, da yawansu a magudanar Oke-Afa suka nutse wajen gudu. Ran Asabar 2 ga Fabrairu rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka kwana uku ana abu ɗaya, aka rasa fiye da mutum 70, sai da aka turo soja. Ba na ba kowa shawarar ya ɗora wannan a kan katako, gidaje da yawa na ɓangarorin biyu ba su gama jimami ba. Na kawo shi ne don wanda ya ga irin waɗannan ranaku in ya ba ka labari, ba ya faɗin milimita nawa ne bakin bindiga. Zai ce maka an rufe shaguna, an bar tukunya a kan wuta, an yi ta neman yaro. Girman kayan yaƙi a wurinsa, abin da suka tsayar ne.

Mai gina diyorama shi ma dole ya zaɓi inda zai tsayar da mai kallo. In ya shimfiɗa fagen yadda sai an leƙo daga sama, ya mai da kowa janar mai duba taswira. In ya ɗaga katakon zuwa daidai ido, ya sa bango a baya, ya sa motar ta tare rabin lungu, to ya mai da mai kallo ɗan unguwa. Kuma a nan ne ƙaramar mota ke yin abin da babbar ba za ta iya ba. AML-90 tsayinta ya ɗan haura mita 2, nauyinta bai kai tan 6 ba, a wurin masu son Tiger mai tan 57 abin wasa ce. Amma tsayar da ita kusa da teburin mai shayi, inda benci bai wuce santimita ɗaya da ɗigo uku ba, ka ga yadda za ta cika wurin. Tanka ita kaɗai a kan fili ba babba ba ce, ba ƙarama ba, sai an sa wani abu da jiki ya sani a gefenta.

Wannan abin da jiki ya sani, nan kundin ya fi talauci. Za ka sami sojan Jamus yana aski, yana cin abinci, yana karta. Za ka sami manomin Faransa da keken shanunsa, da 'yan gudun hijirar Turai da akwatunansu. Mai shayi babu. Ɗan garuwa da kurarsa babu. Mai gyaran takalmi da ɗan akwatinsa, mai yankan farce, mai goro, duk babu. Wanda ke son su sai ya lanƙwasa waya ya yi ƙashi, ya lulluɓe da ƙullin gam ɗin nan kala biyu da makanikai ke toshe radiyeta da shi, ya yi riga da takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam na kafinta.

Mu kuma da muka zo nan sai wata magana ta taso daga cikin gida. Yayata ta leƙo ta ga abin da ake shirin yi, ta ce, "Kai da ɗan naka ku ji da kyau. Motarku ku yi, amma ba za a shigo mini da mutum-mutumi ɗaki ba, inda nake salla." Magana ce da duk Bahaushen da ya shiga wannan harka zai haɗu da ita, kuma ba a ture ta da dariya. Malamai sun yi bayani a kan sura mai inuwa, wasu sun sassauta a kan kayan wasan yara saboda 'yan tsanan Nana A'isha, wasu sun ce in an bar fuska ba a fitar ba da sauƙi. Fatawa ba aikina ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya shafe ni shi ne, sharaɗin nata ya gyara aikin. Da aka cire mutane sai aka koma neman abin da zai tsaya a madadinsu, aka ga suna da yawa. Ƙofa mita 2 ce, a katako kusan santimita 6. Jarka mai lita 25 ta ɗan haura santimita ɗaya. Buta kamar milimita 6, ana fere ta daga guntun robar da ya rage a kwalin. Tabarma a shimfiɗe, takalma a jere a bakin masallaci, kofin shayi a gefen benci, keke a jingine. Kowanne an yi shi ne daidai jikin ɗan Adam, saboda haka ko babu kowa a fagen, mai kallo ya san tsawon mutanen wurin, har ya fara tambayar ina suka tafi.

Abin da yaron ya tsayar a ƙarshe shingen bincike ne a hanyar Arewa, irin wanda duk mai hawa motar dare daga Legas zuwa Kano ya sani: durom biyu, katako mai ƙusoshi a gicciye, buhunan yashi, AML guda a ƙarƙashin darbejiya, teburin mai shayi a tsallake. Katakon santimita 35 kowane gefe, wato fili mai mita 12 da 'yan kai.

Ƙasa ita ce aikin da ya fi cin rai, kuma nan ma lissafin bai sake ka ba. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a 1/35 dutse ce mai santimita uku da rabi. In ka ɗebo yashin gini ka zuba yadda yake, ka yi hanyar da ko jaki ba zai bi ba. Sai an daka jar ƙasa an tankaɗe ta a tsohon ɗankwali, a yayyafa a kan farin gam da aka tsinka da ruwa, a danna tayar motar a kai tun da ɗanye don ta bar sawu. Motar da ba ta nutse ko kaɗan a ƙasa ba, kamar tana shawagi take. Darbejiya daga wayar lantarki da aka murɗa, ganyenta busasshen ganyen shayi da aka riga aka sha, a fesa masa kore. Kwanon rufi daga gwangwanin lemo, a danna shi a kan abu mai layi-layi. Fenti kuma kada ya yi ƙyalli. Motar sojan da ta yi wata guda a hanyar Birnin Gwari ba koriya ba ce, ja-ja ce daga taya har rabin jiki, gefen ƙofa ya goge inda hannu ke kamawa, ƙarƙashin marfin tanki ya yi baƙi. Garin ƙasar nan dai da aka tankaɗe, a shafa da busasshen buroshi, ya fi kowane fenti na kanti. A kiyayi gam ɗin nan mai kama yatsa da ake sayarwa a go-sulo, yana sa gilashin roba ya yi hazo. Gam ɗin da aka yi don wannan roba narkar da bakin sassan yake su haɗe, ɗigo kaɗan ya isa, in ya yi yawa ya ci noti da ƙugiyar da ka biya dala dominsu. In an gama kuma a kai wa mai yankan gilashi ya yi masa murfi, don ƙurar Agege Motor Road da ƙannen gida ba su san awo ba.

Masu sha'awar abin da ke faruwa yanzu su ma suna da zaɓi. Tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, da a-kori-kura ƙirar Toyota suka tarwatsa tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum, motar da ta fi yawa a fagen yaƙin Sahel ita ce buɗaɗɗiya mai bindiga a baya. Kamfanin Meng na Sin yana yin irinta a 1/35, kuma duk ɗan Borno da ke neman abinci a Legas zai gane ta daga nesa. Na gida kuwa, irin Ezugwu da kamfanin DICON da sashen injiniyoyin soja suka ƙera a Kaduna, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Disambar 2019, ko Ara ta kamfanin Proforce da ke jihar Ogun, manyan kamfanonin samfuri ba su waiwaye su ba. Mai son su sai ya yanka daga farantin roba da hannunsa. Zanen ƙira ba za a ba shi ba, amma hotunan jarida suna nan. Ya nemi wanda aka ɗauka daga gefe sosai, da soja tsaye dab da motar, ba can gabanta ba. Ya ɗauki sojan a matsayin mita 1.75, ya auna sau nawa tsawonsa ya shiga tsawon motar da tsayinta da faɗin tayarta, ya ninka kowanne da 1.75, sannan ya raba da 35, ya rubuta a bayan kwali kafin ya taɓa reza.